Laifin Taba Ne Ko Na Batta? Abin da Ke Ɓata Garin Taba a Battar Icce a Legas

Me ya sa garin taba da aka saya lafiya lau, da ƙamshinsa da kaifinsa, yake komawa wani abu dabam da zarar ya kwana biyu a battar icce? Kuma wa ke da laifi, mai sayar da tabar ne, ko masassaƙin da ya yi battar, ko kuwa iskar Legas ce?

Wannan gardama ba ta ƙarewa a majalisun dattawanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, musamman in damina ta kankama. Wani ya ce tabar kudu ce ba ta da kirki. Wani ya ce masu sayarwa sun koma yin algus da toka. Wani kuma ya rantse daga gida ya yi guzurin tasa, daga hannun mutumin da ya shekara yana saye wurinsa, amma ga shi ta yi ɗaci tana warin tsohon ɗaki. A ƙarshe akan ɗora laifin a kan mai taba, alhali sau da yawa shi ne mai ƙarancin laifi a cikin ukun. Ba tallar taba nake yi ba, kuma zan zo kan illarta. Amma zargin mai neman abincinsa da ha'incin da bai yi ba zalunci ne, kuma shaƙar abin da ya tsatso daga fenti ko fumfuna ƙarin cuta ne a kan cuta.

Abin da ke cikin garin taba

Garin taba busasshen ganyen taba ne da aka daka ko aka niƙa ya yi laushi. Ba kasafai ake barinsa zalla ba. Ana haɗa shi da kanwa, wasu da toka, wasu su ƙara gishiri, wasu kuma kayan ƙamshi irin su kanumfari, kafur ko minti. Akwai busasshe na shaƙa, akwai mai ɗan laima na ajiyewa a baki.

Kanwar nan ba don ɗanɗano kawai ake sa ta ba. Masana na auna tsami da kishiyarsa da ma'aunin da ake kira pH, inda tsabtataccen ruwa yake a 7, abu mai tsami yake ƙasa da haka, abu irin kanwa da toka yake sama. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana da hali biyu. In wurin da yake na da tsami, a ɗaure yake, jiki ba ya ɗaukarsa da sauri. In aka ɗaga ma'aunin zuwa 8, kusan rabinsa ya saku. Garin taba mai kanwa irin namu yakan kai 9, kuma a nan mafi yawan nikotin ɗin a sake yake. Abin da mashaya ke kira kaifi ko hawa kai ke nan. Sai dai nikotin da ya saku mai tashi ne, yana bin iska, yana shiga duk abin da ya raɓa.

Taba kuma makwaɗaiciya ce. Tana zuƙar ruwa daga iska, tana zuƙar wari. Wanda ya taɓa ajiye ƙullin taba a aljihu ɗaya da kwalbar turare ya san haka.

Icce ba kwalba ba ne

Kuskuren farko shi ne ɗaukar battar icce kamar mazubin da ba ruwansa da abin da aka zuba masa. Icce, ko ya shekara da sarewa, cike yake da ƙananan jijiyoyin da a da suke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Suna nan a buɗe. Ta cikinsu abu ke shiga, ta cikinsu abu ke fita. Turmin da aka saba daka daddawa a ciki, ko sau nawa aka wanke shi, in aka kirɓa fura sai an ji.

Musayar da ke tsakanin batta da taba ta fuska biyu ce. Iccen yana karɓe wa tabar laimarta da ƙamshinta, shi ya sa ake cewa ta yi lami. Sannan yana ba ta nasa: ƙaro, mai, da sinadarin nan mai bauri irin na bagaruwa wanda majema ke jima da shi. Mafi yawan itatuwa kuma suna da ɗan tsami, ma'auninsu tsakanin 4 da 6, wasu ma suna fitar da tururin tsami a hankali. Wannan tsamin yana kashe ƙarfin kanwar da ke jikin bangon battar, nikotin ya koma a ɗaure, kaifi ya ragu. Ita kuma kanwa, in ta sami laima, tana jiƙo launi da baurin iccen ta kawo su cikin tabar. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to a nan kowanne sai ya shafi ɗan'uwansa.

Ka ɗauki tsohuwar batta ka zazzage ta, ka leƙa cikinta a hasken rana. Za ka ga gindinta ya fi gefenta duhu, da wani zobe baƙi-baƙi a kusurwa, wani lokaci da farin ɓamɓaroki siriri a kansa. Dalili kuwa shi ne yawancin battocin da ake juyawa a inji, gindinsu da murfinsu su ne wajen da aka yanke icce a gicciye, inda bakunan jijiyoyin suke a buɗe. Wannan waje yana shan ruwa ninkin-ba-ninkin abin da gefe ke sha. Masassaƙi yakan ɓata lokacinsa yana goge bayan batta har ta yi sheƙi don ta burge mai saye, ya bar gindin ciki da kaushi, alhali nan ne ƙofar ɓarnar.

Wane icce aka yi ta da shi?

Ba duka icce ne ɗaya ba, kuma mai sayen batta a Legas da wuya ya tambaya. Dogon yaro, wato darbejiya, yana da wari da ɗacin da ke korar ƙwari, abin da ya sa ya dace da akwatin tufafi shi ya sa bai dace da taba ba. Maɗaci ɗacinsa ya fi yawa a ɓawo, amma iccen bai rasa kasonsa ba. Madobiya tana da kyau da nauyi, sai dai tana da nata ƙamshi kuma tana zubar da jan launi. Ita ce ma aka yi wa saran wuce hankali a Najeriya ana kai wa ƙasar Sin, har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ke sa ido kan cinikinsu tun 2017. Obeche, wanda ya cika kasuwannin katako na kudu, mara nauyi ne, mai shan ruwa, mai saurin kama fumfuna.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ta wuce ta ɗanɗano. Ƙurar loko, wanda aka fi sani da iroko, tana tayar wa wasu kafintoci da ƙaiƙayi da asma. Ƙurar mansoniya, icce mai ruwan ƙasa da ake yin ƙofofi da shi, an san ta da sa atishawa da haɓo da jiri. Gwaska kuwa guba ce tsantsa. Tunda garin taba mai kanwa yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kullum yana kankarar cikin batta, abin da ya kankaro kuma hanci zai tafi. Ba ƙaramin haɗari ba ne a ce da irin waɗannan aka yi mazubin abin shaƙa.

Icce mai dama shi ne mai ƙarfi, mai matsattsen jiki, wanda in ka kankare shi ka sansana ba ka jin komai. Zuciyar kanya tana daga cikinsu. Malaina ma ba ta da wani wari, amma tana da jinkirin bushewa, kuma ɗanyarta aka fi samu.

Abin da ya fi damuna shi ne guntayen katako. Batta ƙaramar aba ce, ba wanda zai sayi sabon katako dominta. Daga ragowar aiki ake yin ta. A gari mai tashar jiragen ruwa irin Legas, ragowar nan ta haɗa da katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena, wanda ke fitowa daga Apapa ya bazu shagunan kafintoci. Ba wanda ya san me ya zube a kansa a hanya. Wasu an yi musu feshin maganin ƙwari ko na fumfuna. Akwai wani maganin katako da in fumfuna ta ci shi take mayar da shi sinadari mai warin tsohon ɗaki, wanda hanci ke ji ko da ɗigon da ba a iya gani ne. A ƙarshen 2009 da farkon 2010 sai da aka janye magunguna masu yawa daga kasuwa a Amurka saboda wannan wari, aka bi diddigi aka tarar daga katakon ɗora kaya ya ratso. Abin da ya iya shiga kwalbar magani, garin taba da ke kwance a jikin katakon kai tsaye ba zai gagare shi ba.

Abin da aka shafa ya fi iccen ɓarna

In aka tara battocin da ake kuka da su, zan iya cewa a yawancinsu iccen bai kai abin da aka shafa masa laifi ba. Man sheƙin da kafintoci ke shafa wa kujeru da tina ake sirka shi. Samansa yakan bushe a yini ɗaya, amma kafin ya gama fitar da warinsa a fili yakan ɗauki kusan wata guda. A cikin batta mai murfi kuwa warin ba shi da hanyar fita, sai cikin taba. Haka gam ɗin da ake manna gindi da shi, haka fenti. Wasu masu katako kuma suna shafa baƙin man mota ko kananzir don maganin gara, kuma wannan ba ya fita har abada.

Sai masu kyakkyawar niyya, waɗanda ke shafa man gyaɗa, manja ko man kaɗe a ciki don su toshe jijiyoyin. Tunanin daidai ne, kayan aikin ne ba daidai ba. Mai yana ɓaci a zafi, ya yi hamami. Ban da haka, ruwan toka da mai ake haɗawa a yi sabulun salo, kuma abin da ke faruwa ke nan a hankali in kanwa mai laima ta kwanta a kan mai. Wanda ya ce tabarsa tana ɗanɗanon sabulu ba ƙarya yake ba. Akwai kuma man sheƙin da ake narkarwa da sifirit, wanda ake yabo da cewa ba shi da illa in ya bushe. Gaskiya ne, amma ba ya jure kanwa, tana narkar da shi.

Me ya sa sai a Legas?

Mutum zai ce battar nan ta shekara goma a hannunsa a Kano ko Katsina ba ta taɓa yi masa haka ba. Ya yi gaskiya. Abin da ya canja shi ne iska.

Icce yana daidaita ruwan jikinsa da damshin wurin da yake. A tsakiyar hunturun Arewa, damshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, icce ya bushe har ruwan jikinsa ya koma kashi 4 ko 5. A daminar Legas, wadda ke tsananta a Yuni da Yuli ta sake dawowa a Satumba da Oktoba, damshin yakan wuce kashi 80, icce ya sha har kusan kashi 16. Wato battar da ta sauka a mota daga Arewa za ta ninka ruwan jikinta kamar sau uku ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. Icce kuma ba ya kumbura daidai ta kowane gefe, ta wani ɓangaren ya fi. Shi ya sa murfin da ke rufuwa tsaf a gida yake cijewa a nan, ko ya ɗan karkace ya bar kafa. Wadda aka sassaƙa a Legas aka tafi da ita gida da hunturu kuwa tsagewa take yi.

Gishirin da ke cikin tabar yana da nasa aiki. In damshi ya haura kashi 75, gishiri yakan fara jan ruwa daga iska har ya jiƙe. Sai garin ya dunƙule, kanwa ta narke, ta fara cin bangon batta. Ga zafin aljihu, ga gumin mai gadi ko ɗan dako ko mai tura baro da ya yini a rana. Fumfuna ba ta neman abin da ya wuce haka. Ita tabar mai kanwa da yawa ba ta cika yin fumfuna da wuri ba, amma iccen yana yi, a bakin murfi da cikin tsaga, kuma warinsa tabar ke ɗauka.

Katakon Legas ɗin ma da ruwansa yake zuwa. Duk wanda ya saba bin gadar Third Mainland ya san gungumen da aka shekara ana jiƙawa a ruwa ta wajen Oko-Baba a Ebute Metta kafin a tsaga su. Katakon da aka tsaga yau aka yi aiki da shi gobe, bai saki ruwansa da tsaminsa ba.

Yadda magabata suka yi da ita

Matsalar ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 18 da farkon na 19, tabar Bahiya ta ƙasar Burazil tana cikin manyan kayan da ake kawowa gaɓar nan har da Legas, ana musayarta da bayi, wanda babi ne mai muni a tarihin garin. A naɗe take zuwa, an shafe ta da ruwan rake mai kauri an ƙunshe da fata, don kada doguwar tafiyar teku ta ɓata ta.

A Turai, inda shaƙar taba ta zama ado a wancan zamani, masu yin battar icce sun gane da wuri cewa ba a barin taba ta taɓa icce. Battocin garin Laurencekirk na Sikotilan, waɗanda suka yi suna tun ƙarshen ƙarni na 18, da farin icce mara wari ake yin su, a yi musu murfi mai kamawa tsam, a shimfiɗa musu fallen kuza a ciki. Wasu kuma sun yi amfani da dalma wajen naɗe taba, kuma sun ga sakamako, domin a ƙarni na 19 likitoci sun rubuta labarin mashaya da gubar dalma ta kama ta wannan hanya. Darasi ne ga duk mai son shimfiɗa ƙarfen da bai san asalinsa ba.

Mutanen Sin su suka fi kusa da halin da muke ciki. Da taba ta shiga fadarsu, sai suka ga akwati mai faɗin baki bai dace da ƙasa mai damshi ba. Suka koma ƙaramar kwalba ta gilashi ko tangaran ko dutse, mai ƙaramin baki, da toshi mai ɗan cokali a jikinsa. Iyayenmu ma ba icce kaɗai suka sani ba, akwai battar fata, ta ƙaho, da ta ɗan duma. Ƙaho musamman ba ya shan ruwa kamar icce, kuma a garin da ake yanka dubban shanu, kamar a mayankar Oko-Oba ta Agege, ba abin da za a nema a rasa ba ne.

Masu cewa a hore ta, da masu cewa a yar

Dattawa da yawa suna kan cewa sabuwar batta horo take so. A cika ta da taba, a bar ta kwanaki, a zubar, a sake, har iccen ya ƙoshi ya daina satar ƙamshi. Suna da gaskiya, amma rabinta. Horo yana aiki a kan icce mai tsabta, busasshe, mara wari, domin matsalarsa ƙishirwa ce kawai. Ba ya aiki a kan icce mai ƙaro, ko wanda ya sha tina ko kananzir, domin shi bayarwa yake yi, kuma rumbunsa ba ya ƙarewa da wuri. Battar da aka hora kuma ta zama ta wannan tabar kaɗai. In ta saba da mai kafur, duk abin da aka zuba mata daga baya sai ya yi kafur. Tabar da aka yi horon da ita kuma a zubar da ita, kada a ba wa wani da sunan alheri.

Masassaƙa su kuma sukan ce mai saye ne ke son sheƙi, in ba a shafa mai ciki da waje ba sai ya ce aikin bai ƙare ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma gyaranta a bakin mai saye yake.

Matasa kuwa sukan ce wahalar me, ga robar magani, ga gwangwani. Roba tana riƙe warin minti da kafur, kuma ba kowace aka yi don abin ci ba. Gwangwani yana tsatsa a Legas. Alminiyom, har da fallen da ke cikin kwalin sigari, kanwa mai laima tana cinsa. Tagulla tana yin kore. Abin da kanwa ba ta yi wa komai shi ne gilashi, tangaran, da ƙarfen nan mara tsatsa da ake yin cokula da shi. A ganina ba sai an yar da icce ba, sai dai a san aikinsa. A Legas battar icce ta ɗaukar abin yini ce, ba rumbun ajiya ba.

Yadda za a gane mai laifi, da abin yi

Kafin a je a yi wa mai taba rashin mutunci, a raba sabon garin gida biyu. Rabi a kwalbar gilashi wankakkiya busasshiya, rabi a batta. Bayan kwana biyu a gwada. In na kwalba yana nan yadda yake, magana ta ƙare. In duka biyun sun ɓaci, to a koma wurin mai taba da hujja.

Ita battar ma ana iya tuhumarta tun kafin a biya kuɗi. A rufe ta ba komai a ciki, a riƙe ta a aljihu ta ɗumama, a buɗe a kai hanci nan take. Duk abin da aka ji, shi tabar za ta ji. Sannan a jiƙa farin ƙyalle da ruwan kanwa a goga a ciki. In ya fito ja ko rawaya ko ruwan ƙasa, iccen mai zuba ne.

Wanda zai sa a yi masa sabuwa, ya gaya wa masassaƙi tun farko: Malam, da busasshen icce nake so, ba ragowar katakon kwantena ba, ka yi wa bayanta duk adon da ka ga dama, amma cikin ka goge shi da samfefa mai laushi har gindi ka bar shi haka. In ta zo, a kakkaɓe ƙurar sarai, a bar ta a buɗe a inuwa mai iska na wasu makonni. Rana tsaka tana tsaga ta. Gutsuren gawayi mai tsabta a ciki yana taimakawa wajen janye ɗan warin da ya rage.

Daga nan sai shamaki. Mai sauƙin samu shi ne kakin zuma tsantsa. A narkar da shi, a shafa siriri da ɗumi, a mai da hankali kan gindi da cikin murfi, a goge rarar da ƙyalle. Sai zafi ya wuce digiri 60 yake narkewa, don haka aljihu ba zai narkar da shi ba. Yana da ɗan ƙamshin zuma da farko, kuma garin yana cinye shi a hankali, sai an riƙa sabuntawa. Kada a musanya shi da man goge takalmi ko na goge daɓe, waɗannan da sinadarai masu wari ake haɗa su. Wanda ya fi kaki shi ne a nemo ƙaramar kwalba ko ɗan kofin ƙarfe mara tsatsa, a kai wa masassaƙi ya rarake iccen daidai da shi. Ido ya ga icce, hannu ya riƙe icce, taba kuma ba ta taɓa shi ba. Kwalbar turare dai ba ta yi, warin yana maƙale a murfinta.

Babbar ajiya ta zauna a kwalba mai murfi mai kamawa, a wuri mai sanyi da duhu, nesa da risho da sabulu da maganin sauro. Da safe a ɗebi na yini, da dare a zazzage ragowar, a goge da busasshen ƙyalle, a bar murfin a buɗe. Ba a wanke battar icce da ruwa da sabulu.

Abin da ya shafi aljihu da lafiya

Ga mai gadi ko mai sayar da goro da kuɗinsa ƙidayayyu ne, tabar da ta lalace asara ce. Ga tsohuwar da ke daka taba tana sayarwa a bakin kasuwa, kalmar algus guda ɗaya tana iya korar mata masu saye. Amma ɓarnar da ta fi ita ce wadda ba a lura da ita. In taba ta yi lami, mashayi ba ya dainawa. Ƙara yawan shaƙa yake yi, ko ya ce a ƙara masa kanwa. Kanwa mai yawa tana ƙona fatar cikin hanci da dasashi, tana kuma ƙara saurin shigar nikotin, sabo ya ƙara kama mutum. Wato batta mara kyau tana iya tura mai ita ga shan abin da ya fi na da.

Wani bincike kan taba da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 na manya suna amfani da tabar da ba a kunnawa, kuma maza sun fi yawa. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa irin wannan taba a rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji, musamman na baki da maƙoshi. Ƙurar katako ma tana wannan rukuni, saboda dajin hanci da aka gani a masu aikin katako na shekaru. Sinadaran da ke jawo dajin a taba kuma suna ƙaruwa in aka ajiye ta a zafi da laima, yanayin da aljihun ɗan Legas ke bayarwa kyauta. Abin da ake faɗa cewa garin taba yana maganin mura ko ciwon haƙori ko ciwon kai ba shi da tushe, ɗan dusashe zafin da yake yi ne ake ɗauka waraka. Batta mafi kyau a duniya ba ta rage ko ɗaya daga cikin wannan, abin da take hanawa kawai shi ne ƙarin fumfuna da tina da ƙura. Mai asma ko hawan jini ko mace mai ciki, maganarsu ba ta batta ba ce, ta bari ce. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A gida kuma batta mai ado abin wasa ce a idon yaro, ɗan abin da zai haɗiya kuwa ya isa ya kai shi asibiti, don haka a ɗaga ta sama.

Akwai battar da ba ta gyaruwa. Wadda ta sha kananzir ko baƙin mai, wadda fumfuna ta shiga tsagarta ta yi baƙi, wadda aka yi da mansoniya ko iccen da ba a san asalinsa ba kuma take sa atishawa ko ba taba a ciki, duk kaki da horo ba za su cece su ba. In ta gado ce ana jin nauyin yar da ita, a sa mata kwalba a ciki, ko a mayar da ita mazubin allura da maɓallai.